Baba Sai-an-auna da Turakun Bayan Tudu

Ƙarfe shida da rabi yake isowa a kan tsohon kekensa mai ƙarar sarƙa, kuma shekara talatin da uku ba wanda ya taɓa riga shi shiga filin sai maigadi, shi ma don a nan yake kwana. Filin koyon harbi ne na ma'aikatan gandun daji, inda ake kawo sababbin ɗauka su koyi riƙon bindiga kafin a tura su gadin namun dawa. Ofisoshi suna bakin ƙofa. Nan fanka take, nan ake hira, nan ake jin labarin wanda aka ƙara wa girma da wanda aka mayar wani wuri. Shi kuwa ɗakin aikinsa yana can gefen fili, tafiyar minti biyar daga kowa, ɗan ɗaki na bulo mai taga ɗaya da rufin kwano. In ka leƙa za ka ga tebur, da butar dafa shayi, da kujera biyu. Ɗaya yake zama a kai. Ɗayar kuwa littattafai ne suka haye ta, masu baƙin bango, kowanne an rubuta masa lamba a gefe da farin fenti.

Abu na farko da yake yi shi ne ɗaga jar tuta. Daga nan sai ya tsaya gaban wani allo da ke bangon ofis, mai jerin ƙusoshi, kowace ƙusa da 'yar tagulla a rataye, kowane ma'aikaci da tasa. Dokar filin ce tun kafin ya zo: duk wanda zai wuce tudun ƙasar da ke tare harsashi sai ya cire tagullarsa ya sa a aljihu, kuma muddin akwai ƙusa ɗaya da ba komai a kanta, ba mai taɓa kunamar bindiga, ko waye ya zo. Mai tagulla ne kaɗai zai mayar da ita, da hannunsa. Sai ya cire tasa, ya sake hawa keke, ya bi bayan tudu yana zagaya turakun iyaka masu jan fenti, yana duba wanda gara ta ci da wanda saniya ta ture. Kafin ƙarfe tara ya dawo ya rataye tagulla, sannan a fara harbi. Mutanen ofis ba sa ganin fitarsa, ba sa ganin dawowarsa. Ƙusar kawai suke dubawa. Haka yake yi har ranar Juma'ar da ta gabata, ranar da ya ajiye aiki.

Sunansa na yanka yana cikin fayil, amma a filin nan ba mai kiransa da shi. Baba Sai-an-auna ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, ya ce sai an auna. Ka tambaye shi ko sukari ya ji a shayi, amsar ke nan. Marigayiya matarsa takan ce ko tambayarsa ta yi ko yana sonta, ta san sai ya ɗauko littafi da fensir tukuna.

Aikinsa auna harsashi ne. Duk kwalin da aka kawo, kafin a miƙa wa ɗalibi ko guda ɗaya, sai ya bi ta hannunsa. Yana da na'urar auna gudu guda biyu, ɗaya yakan kafa ta a gaban bakin bindiga, ɗaya a mita ɗari uku. Ya harba, ya karanta, ya rubuta, har da zafin ranar da inda iska ta dosa. Abu ɗaya yake nema: gudu nawa harsashi ya fita da shi, nawa kuma iska ta ƙwace masa a hanya. Da wannan ake sanin iyakar inda zai kai in ya tsallake tudu, da shi kuma ake sanin inda za a kafa turaku. Aiki ne da in an yi shi daidai ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba wanda ya taɓa tafa masa.

A da ba shi kaɗai yake cin abincin rana ba. Kujera ta biyun nan tana da mai ita, malamin harbi, tsohon soja mai ƙatuwar murya da kowa ke kira Saje. Shekara ɗaya aka ɗauke su aiki. Ƙarfe ɗaya na yi za ka hango Saje ya tsallako fili da kwanonsa, tun daga nesa yana cewa, “Kai mai fensir, yau harsashi nawa ka yi wa jarrabawa?” Baba ya ce, “Sun dai fi ɗalibanka ci, Saje.” Su zauna, su haɗa kwanuka, Saje ya cinye naman Baba yana rantsuwa bai gan shi ba. Shekara ashirin da huɗu suka yi a haka.

Shekara tara da suka wuce aka kawo sabon harsashi. Wanda aka saba da shi, ƙwayarsa gindinta a shafe yake kamar an yanke da wuƙa, shi ya sa 'yan filin ke ce masa shafaffe. Sabon kuwa gindinsa ya ɗan tsuke ta baya kamar ƙarshen kwale-kwale, nan take aka raɗa masa mai wutsiya. Wannan ɗan tsukewar da ba ta kai faɗin farce ba tana da aiki. Shafaffe in yana tafe yakan bar iska tana hargitsewa a bayansa tana janyo shi. Mai wutsiya kuwa iska takan rufe bayansa a hankali, sai ya daɗe bai gaji ba. Masu ƙera harsashi sukan buga wata lamba a jikin kwali, lambar ratsa iska, mai nuna yadda ƙwaya ke riƙe gudunta. In lambar ta fi girma, harsashin ya fi nisan zango.

Shugaban filin na wancan lokaci ba mugu ba ne, mutum ne dai mai sauri, ga ɗalibai sittin za su iso nan da kwana goma. Ya tara manyan ma'aikata a ofis, ya ajiye kwali biyu a kan tebur, ya tura wa Baba takarda.

“Malam, duba nan. Tsohon, sifili da ɗigo talatin da tara. Sabon, sifili da ɗigo ashirin da huɗu. Wanne ya fi?”

“Talatin da tara, ranka ya daɗe.”

“To ka gani. Sabon ma bai kai tsohon nisa ba. Turakunmu sun isa har da rara. Sa hannu mu wuce wurin.”

Baba ya ɗauki kwalin ya kai shi bakin taga, ya gyara tabarau. A gefen kowace lamba akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da ba wanda ya kula da shi. Na tsohon an sa G1, na sabon G7.

“Ranka ya daɗe, ba da kwano ɗaya aka auna su ba. Wannan an gwada shi da wani samfuri mai shafaffen gindi, wancan kuma da samfuri mai wutsiya irinsa. Kamar a auna buhu ɗaya da ƙaramin kwano a ce talatin da tara, a auna wani da babban kwano a ce ashirin da huɗu. Ba za ka ce na farkon ya fi hatsi ba.”

“To yanzu me kake so?”

“Sai an auna.”

Duk ofishin ya kwashe da dariya, har Saje, wanda ya buga tebur yana cewa da ma shi jira yake.

Kwana biyu ya yi yana aunawa, ashirin daga wannan kwali, ashirin daga wancan. Duka biyun da gudu kusan ɗaya suke fita, wajen mita ɗari takwas a daƙiƙa. Kafin su kai na'ura ta biyu shafaffe ya zubar da kusan ɗari biyu, mai wutsiya kuwa ɗari da sittin kacal. Ya zauna ya yi lissafi, ya goge, ya sake, don shi kansa ya so a ce kuskure ya yi. Amsar ba ta canza ba. Shafaffe in ya tsallake tudu yakan faɗi a kilomita uku da 'yan kai, turaku kuma suna uku da rabi. Mai wutsiya zai iya wuce huɗu. A kilomita huɗu kuwa akwai hanyar ƙafa, da tsamiya, da rijiyar da matan ƙauyen bayan tudu ke ɗiban ruwa kowace safiya.

Baba ya fara nuna wa Saje lissafin, a kan abinci. Saje ya duba shafin sama-sama ya ture shi.

“Haba mutumina, a kan arba'in ɗin nan za ka tada hankalin fili? Ni na harba su duka biyun. A mita ɗari ma tsohon ya fi taruwa wuri ɗaya. Yarana kuma ba sa harbin da ya wuce ɗari biyu.”

“Gaskiyarka, a kusa ba su da wani bambanci. Amma ni ba wanda ya sami allon harbi nake ji ba, Saje. Wanda ya tsallake tudu nake ji.”

“Ɗalibaina ba sa tsallake tudu.”

Baba ya buɗe wani littafi. Tun da ya fara aiki yake ƙirga harsashin da aka harba da hujin da aka gani a jikin allon harbi, kuma kowane rukuni sai an sami ɗaya ko biyu da ba a san inda suka yi ba. Hannun ɗalibi ya yi rawa, bakin bindiga ya ɗaga, shi ke nan. Saje ya rufe kwanonsa bai ƙarasa ci ba, don ya ji kamar aikinsa ake kushewa.

Shugaba ya karanta lissafin, ya ce lissafi ne kawai, shi kuma ga lamba a jikin kwali daga masu ƙera abin. Ya sa hannu da kansa, ya ce ranar Litinin za a fara.

Ranar Litinin Baba ya ɗaga jar tuta kamar kullum, ya cire tagullarsa, ya hau keke. Ya zagaya turaku har na ƙarshe, sai ya wuce su. Ya je gindin tsamiyar nan ya jingine keke, ya zauna a kan saiwa. Mutum ne da bai taɓa ƙin bin umarni ba tun da aka ɗauke shi, kuma ya faɗa daga baya cewa ji yake kamar wanda ya yi sata. Kunya ce ta fi damunsa, kunyar a ce dattijo kamarsa ya yi abin yara.

Mata suna ta zuwa da bokitai suna satar kallonsa. Wata tsohuwa mai awaki, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta tsaya a kansa.

“Malam, lafiya? Ko uwargida ce ta koro ka?”

“Lafiya lau, Inna. Aiki nake.”

“Wannan aikin kam a nemo mini irinsa.”

Ƙarfe tara da minti goma rediyon da ke ƙugunsa ya yi ƙara. Muryar shugaba ce.

“Kana ina?”

“Ina bayan tudu, ranka ya daɗe.”

“Dawo yanzu. Mutum sittin suna kwance a rana suna jiranka.”

“Ranka ya daɗe, ina bayan tudu.”

Mai sito, wanda yana ofis ranar, ya ce shugaba ya tsaya gaban allon tagulla yana kallon ƙusar nan kamar zai cinye ta. Yana da ikon korar mutum, amma ba shi da ikon rataye tagullar wani, kuma ba malamin da zai yarda ya ce a harba alhali ƙusa tana tsirara. Dokar da aka yi don kare ma'aikaci ita Baba ya ɗauka ya yafa wa matan da ba su da tagulla.

Da azahar Saje ya zo a mota, shi ma ya cire tasa tagullar dole. Ya sauko da gorar ruwa a hannu, fuska a murtuke.

“Ka san abin da ka yi mini? A gaban yarana? Tashi mu tafi.”

“Ba zan tashi ba, Saje.”

“Wallahi zan iya ɗaukarka kamar buhu in jefa a mota.”

“Za ka iya. Amma hannuna ne zai rataye ta, ba naka ba.”

“Shekara ashirin da huɗu muna cin abinci kwano ɗaya, ashe kallon mai kisan kai kake mini.”

“Ban ce ba. Na ce dai a auna.”

Saje ya juya ya shiga mota, da gorar ruwan a hannunsa kamar yadda ya zo da ita. Baba ya bi ƙurar motar da kallo, maƙogwaronsa a bushe, ga rijiya a gabansa amma kunya ta hana shi roƙon guga.

Kwana uku ya yi yana wannan zama, daga safe har a sauke tuta. Matarsa, wadda tana da rai a lokacin, ba ta tambaye shi komai ba, sai dai ta ƙara masa gorar ruwa ta biyu a jaka. A rana ta uku shugaba ya gaji, ya ce a yi gwajin don a rufe bakin tsohon nan kowa ya huta. Aka roƙi mutanen ƙauye su kauce na rabin yini, aka ɗaure bindiga a kan maƙalli, aka ɗaga bakinta sama da gangan, aka harba mai wutsiya arba'in. Sannan aka jera ɗaliban nan sittin kafaɗa da kafaɗa, suka bi daji suna duba ƙasa. Bakwai aka tsinto a bayan turaku. Na takwas Saje ne ya gan shi da idonsa, ya nutse rabi a cikin komin katako da awakin tsohuwar nan ke shan ruwa, taku huɗu daga bakin rijiya. Ya sa wuƙa ya ɓanɓaro shi, ya zo ya buɗe tafin hannun Baba ya ajiye masa.

Kai ne, Baba, ka ga ɗan rubutun da idanu goma suka tsallake. Kai ne ka zauna a inda harsashi zai sauka don kada ya sauka a kan wani. Ma'aunin da ba ya ha'inci, ka auna wa mai iko daidai da yadda ka auna wa mai guga.

Mai karatu zai zaci daga nan aka ɗaga shi sama. Ina! Turaku dai an matsa da su kilomita guda, hanyar rijiya kuma aka riƙa rufe ta ranakun harbi har sai an sauke tuta. Amma rahoton da aka aika sama cewa ya yi hukumar fili ce ta gano matsalar, layi uku, ba lissafi ba suna. Abin da ya shiga fayil ɗin Baba takardar gargaɗi ce ta ƙin bin umarni, kuma sau uku ƙarin girma yana zuwa yana tsallake shi saboda ita. Wannan abin yana ba ni haushi har yau, ko da shi bai taɓa ɗaga maganar ba.

Wanda ya fi masa ciwo shi ne Saje. Ba faɗa suka yi ba. Saje mutum ne da ya iya tsawa amma bai iya ba da haƙuri ba, ga shi ɗalibansa sun ga ya yi kuskure. Sai ya zama in ƙarfe ɗaya ta yi yana da uzuri. Makon farko Baba yana wanke kofi biyu ya ajiye. Wata na farko yana ɗaga kai duk lokacin da ya ji taku a kan tsakuwa. Wata rana tebur ya cika, ya ɗora littafi ɗaya a kan kujerar, da niyyar zai ɗauke in an zo. Ba a zo ba, littattafai suka yi ta hawa. Suna gaisawa a bakin allo, “Ina kwana,” “Lafiya lau,” kamar maƙwabtan da suka tare jiya. Bayan shekara biyu matarsa ta rasu, sai ya zama gida shiru, wurin aiki shiru. Ya ce akwai ranakun da in ban da sallama da maigadi, muryarsa ba ta fita sai in ya karanta wa kansa lambobi da ƙarfi.

Mutanen bayan tudu kuwa suna suka ba shi, Mai-tare-hanya. Ranar harbi sai mata su zagaya wata rijiya mai nisa ko su jira har rana ta take, kuma fuskarsa suka sani, don shi suke gani a kan keke yana rufe shinge. Sau ɗaya ya gwada yi wa tsohuwa mai awaki bayani, har ya nuna mata hujin da ke jikin kominta.

“Wannan ai ku kuka yi da gangan,” in ji ta. “Kun kore mu kun harbi komina, sannan ku ce kun cece mu. Tun ina amarya nake ɗiban ruwa a nan, ko ƙwarzane ban taɓa samu ba.”

Rabin maganarta gaskiya ne. Daga ranar bai sake bayani ba.

A bana aka kawo sabon shugaba, na uku tun bayan wancan, ƙauye kuma suka kai kuka a buɗe musu hanya. Sabon ya duba fayil ya ga layi uku, ya ce shi bai ga dalilin da fili zai cinye daji haka ba, za a duba maganar bayan Baba ya tafi. Wannan ne ya hana Baba sukuni a watanninsa na ƙarshe. 'Yarsa, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, tana kiransa duk Lahadi.

“Baba, ka tattara ka dawo wurina. Ɗaki yana nan na gyara.”

“To, Uwata. Amma wa zai zagaya turaku?”

“Baba, turakun nan 'ya'yanka ne?”

“Sun dai fi ki zama kusa,” ya ce, suka yi dariya, ita dariyarta da ɗan kuka a ciki.

Ranar Juma'a ya yi zagayensa na ƙarshe. A turke na ƙarshe ya tarar da tsohuwar, ta ƙara ranƙwafawa, awaki na biye da ita, za ta kama doguwar hanya.

“Mai-tare-hanya, an ce yau za ka tafi.”

“Haka ne, Inna.”

“To za a buɗe mana?”

“Ina fatan ba za a buɗe ba.”

“Ka ji mugu! To a sauka lafiya. Ba za mu yi kewarka ba.”

Hannunsa yana aljihu, yana taɓa ƙwayar harsashin nan da ya yi shekara tara yana yawo da ita tare da tagullarsa. Bai fito da ita ba. Ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ya tsaya har ta yi nisa, yana jin faɗanta yana raguwa a cikin bishiyoyi.

Bikin sallamar minti ashirin ya ɗauka. Mutum shida, lemon kwalba, da agogon bango a cikin kwali. Sabon shugaba ya yi jawabi ya kira shi da sunan da ke fayil, har wasu suka waiga suna neman wanda ake nufi. Baba ya yi godiya, ya koma ɗakinsa yana tunanin yadda zai yi da littattafai arba'in da ɗaya da ba wanda ya ce yana so.

Ƙarfe ɗaya ya ji taku a kan tsakuwa. Bai ɗaga kai ba, ya daɗe da daina wannan. Saje ne, furfura ta cinye masa kai, da kwano a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kujerarsa, sannan ya fara sauke littattafan ƙasa, biyu-biyu, a hankali kamar mai sauke ƙwai. Ya zauna. Kujerar ta yi ƙara.

“Ranar nan,” ya ce, idonsa a ƙasa, “ruwan nan kai na kawo wa. Na koma da shi.”

“Na gani.”

“Shekara tara gorar nan tana tsaya mini a wuya.”

“Ai da ka kawo, Saje. Har yanzu ina jin ƙishin.”

Saje ya yi wata dariya da ba ta fita daidai ba, ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin butar nan ne, alhali butar a kashe take.

“Wanne ne littafin mai wutsiya?”

“Na talatin da biyu.”

“Ba ni shi. Ka nuna mini kwanon nan naka babba da ƙarami, yadda zan faɗa wa yaron nan shugaba ya gane. Saura mini shekara biyu. In suka ce za su tuge turke ko ɗaya, ni ma ina da tagulla, kuma na san inda tsamiyar take.”

Baba ya buɗe littafin a kan gwiwoyinsu. Da suka gama ya ciro ƙwayar harsashin daga aljihu, ya buɗe tafin hannun Saje ya mayar masa da ita. Sannan suka haɗa kwanuka, Saje kuma ya cinye naman.

Baba, yau kana gida, ƙusarka tana jiran sabon mai ita. Mun gode. Mun gode da safiya dubu da ka yi kai kaɗai a bayan tudu, da kofin da ka yi ta wankewa ba mai sha, da takardar gargaɗin da ka haɗiye ba ka kai ƙara ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan wadda ta ƙara maka gorar ruwa, ya sa ka huta a ɗakin da Uwarka ta gyara.

Ku kuma da ake tura wa takarda a ce ku sa hannu a wuce wurin, ko a asibiti kuke ko a gareji ko a wurin gini, ku ɗauki kwalin ku kai shi bakin taga. Ku karanta ɗan ƙaramin rubutun. In bai yi muku ba, ku ce sai an auna, ko da duk ofis zai yi muku dariya.

Kada ka jira godiya daga bayan tudu, Baba, ba za ta zo ba. Jiya ma an ga tsohuwar nan a doguwar hanya, da bokitinta da awakinta, tana ta zaginka da murya garau. Shekara tara ke nan tana da numfashin yin haka, kuma kai ka tsare mata shi.